Taken da Ban Amsa Ba

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta sunayen rabin ɗaliban da na koyar, yau ma kaɗai sau uku ina neman tabarau alhali yana kan goshina, har jikokina suna cewa wata rana kaina zan baro a masallaci. Amma akwai wani yammaci guda, a wata gona kusa da Gidan Sori, cikin daminar shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai, wanda ba zan manta da shi ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Duk sanda hadari ya haɗu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, sai in ga kaina zaune a gindin wata tsamiya da littafi a cinya, ina tafka wautar da ta fi kowace girma a rayuwata, ina kuma jin duk gonar babu mai wayona.

Mahaifina makaɗin noma ne, gadon gidanmu ke nan tun kaka da kakanni. Idan an kira gayya, wato mutanen gari sun taru su nome gonar mutum ɗaya a yini ɗaya, shi ke rataya ganga ya bi bayan manoma yana zuga su. Kowane manomi da ya isa yana da takensa. Take wani gajeren kiɗa ne da makaɗi ke tsara wa mutum ɗaya, nasa ne shi kaɗai kamar sunan yanka, ko yana can ƙarshen gona ya ji an kaɗa shi ya san da shi ake. Sai ya ɗaga hauya sama, ya yi kururuwa, ya faɗa wa kunya kamar ba shi ne ya gaji ɗazu ba.

Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji a ɗakin. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban jama'a, ba ya yabonsa. Alkunya ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana ya fito daga bakin mahaifina ba. In zai aike ni sai ya ce "kai", in zai yi maganata da wani sai ya ce "yaron nan". Ban ɗauki abin a bakin komai ba, don haka na ga ana yi a kowane gida.

Ina da shekara bakwai kumandan, Baturen mulki, ya aiko cewa kowane gari ya ba da yara a sa su lakol, wato makarantar boko. A wancan zamani lakol tamkar gidan yari aka ɗauke ta. Maigari ba zai ba da nasa ba, manyan gidaje suka ɓoye nasu a rumbu, sai aka duba aka ga ɗan makaɗi ya fi sauƙin bayarwa. Ranar da aka tafi da ni, Innata ta biyo mu har bayan gari tana share ido da bakin zane. Baba bai fito ba. Na hango shi ta ƙofar zaure, ya rungume ganga a cinya yana ta gyara mata tsirkiyar da ba ta lalace ba.

Daga nan sai karatu ya yi ta nesanta ni. Maradi, sannan makarantar horon malamai can nesa, inda na haɗu da wani malami Bature, dattijo marar iyali, wanda duk abin da ya mallaka a duniya bai wuce littattafai da garmaho ba. Kowace Lahadi da la'asar yakan tara mu a barandarsa, ya wana garmahon, ya ɗora faifai, mu zauna mu saurari kiɗan manyan matsara kiɗa na ƙasashensu. Ba waƙa a ciki, goge ne manya da ƙanana, da sarewa, da wasu kayan da ban taɓa gani ba, su yi ta tafiya tare kusan rabin sa'a. Abokaina barci suke yi. Ni kuwa abin ya shiga jinina, wataƙila don jinin nawa da ma na makaɗa ne, ko da yake a lokacin da ka faɗa mini haka da mun yi faɗa. In an gama sai ya ba mu tarihinsu: wanda ya yi wa sarakuna kiɗa ya ci daga hannunsu, wanda ya mutu da ƙuruciya a cikin talauci, wanda ya koya daga wane ya kuma zarce shi. Na haddace su kaf, zamani bayan zamani. Ya kuma koya mini yadda suke rubuta kiɗa a kan layuka biyar da ɗige-ɗige, abin da ya sa kiɗan mutumin da ya daɗe a kabari yake nan daram.

Abin kunya, duk tsawon shekarun nan in an tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne. Ina iya jera maka makaɗan sarakunan Turai ina ɗaga hanci, amma makaɗin da ya haife ni ina ɓoye shi. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa waɗancan ɗin ma makaɗan fada ne, 'yan uwan sana'arsa, da sun haɗu da Baba da sun gane juna.

Da Turawa suka fara ɗaure kaya, malamin nan ya bar mini garmahonsa da faifai huɗu. Aka tura ni koyarwa garin Agiye. A bazarar shekarar na samu 'yan kwanaki na je gida, na hau motar gyaɗa har Gidan Rumji, daga nan na ɗora garmahon a kan jaki. Ba don in faranta wa kowa rai na ɗauko shi ba. So nake tsohon ya ji yadda kiɗa na gaske yake.

Bayan la'asar na ajiye shi a zaure na wana. Baba yana zaune kan buzunsa. Da allura ta sauka kan faifan, kiɗan ya fara a hankali, sai na ga ya lumshe ido. Na ɗauka barci zai yi irin na abokaina, sai na lura da yatsunsa biyu suna motsi a kan gwiwarsa, suna bin kiɗan, wani wurin ma suna riga shi isa. Da faifan ya ƙare ya ce, "Sake." Na sake. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba.

"Wa yat tsara wanga kiɗi?" ya tambaya.

"Wani Bature na, Baba. Ya rasu sama da shekara ɗari."

"To wa ka kaɗa shi yanzu? Ɗanai?"

"Ba ɗansa ba na. Kowa na iyawa. A takarda ya rubuta shi, duk wanda ya iya karatun sai ya duba ya kaɗa."

Can ya ce, "Mutumen ga kira shika yi. Akwai wanda yaka kira, kuma ba a amsa mai ba."

Na yi 'yar dariya irin ta wanda ya yi karatu. Don in nuna sani sai na ce masa ai mutumin ma ya kurmance a ƙarshen rayuwarsa, bai iya jin abin da ya tsara. Na zaci zai yi mamaki. Ko gezau. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ai ba kunne ka jin kiɗi ba, mushe. Nan ka ji." Tun da na fara koyarwa ya samu sabon abin kirana, mushe, wato malamin lakol, yana faɗa yana murmushi a gefen baki.

Wannan yammacin ne karo na farko da mahaifina ya yi doguwar hira da ni. Ya shiga ba ni tarihin taken garinmu ɗaya bayan ɗaya, yadda malamin nan Bature yake ba mu na mutanensu. Na gidan Sarkin Noma, kakansa ne ya tsara shi a shekarar da fara ta cinye gero, shi ya sa yake farawa da nauyi kafin ya miƙe. Akwai wanda asalinsa luguden wata tsohuwa ne a kan turmi, kakan kakansa ya ji yana wucewa ya ɗauke ya sa a ganga, kuma har ranar ana cewa na tsohuwar ne. Akwai na wani Bafillace da shanunsa suka ƙare ya zauna garin ya koyi noma, an tsara masa take mai ɗingishi don haka Hausarsa take, shi kuwa ya so shi har ya bar wa 'ya'yansa. Kowane take ya san wanda ya fara shi, da wanda aka yi wa, da wanda ya zo daga baya ya ƙara masa ado ko ya rage. Ina zaune baki buɗe. Ashe tarihin da na je nesa na haddace, akwai irinsa a zauren gidanmu.

"Ni nas san su duka," in ji shi. "Bayana babu kowa. Ɗiyan ƙanena sun tahi Najeriya biɗar kuɗɗi, ba su son warin fata." Ya kalli garmahon, bai kalle ni ba. "Takardar nan taka, tana iya riƙe ganga?"

"Tana iyawa mana," na ce, kamar na taɓa gwadawa. "Ɗauko gangar yanzu, in ɗauko kayena na rubutu mu fara."

Ya girgiza kai. "Take kira na. In na kaɗa yanzu, mai shi na ji, ya yar da abin da shika yi ya sheƙo, in ce mai mi? In ce wasa nika yi da yaro? Ba a kiran mutum da rani babu hauya a hannunai. Ka bari sai damana, lokacin maimai, noma na biyu. Akwai gayya gandun Sarkin Noma, duk masu take na nan, duka za ni kaɗawa." Na miƙe ina rufe garmaho, sai ya ƙara da cewa, "Ka zo tun ana gobe, ka kwana gida. Kuma kak ka zo da takalmin ga."

Na ɗauka taɓo yake jiye wa takalmin. Na ce to.

Damina ta sauka, ta zo da shagalin 'yancin kai. Ko da yake lokacin hutu ne, aka riƙe mu malamai a Agiye mu koya wa yara maci da waƙar tuta. Wani ɗan koli ya kawo mini saƙon ranar gayya, ta faɗo kwana biyu bayan biki. Lokaci ya ishe ni sarai. Amma washegarin bikin malamai suka haɗa nasu cin abinci, aka ce in kawo garmaho, ni kuwa ga ni saurayi, ga sabon wando fari, ga manyan mutane suna tambayata waye ya tsara wannan waye ya tsara wancan. Na zauna. Na ce gobe da asuba na kama hanya ai duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Motar da na samu ta kafe a taɓo kafin Gidan Rumji, muka tura ta har muka gaji, sauran hanyar a ƙafa na ƙarasa. Sai bayan azahar na isa, kuma tun daga nesa nake jin gangar. Ban biya gida ba. Na miƙe gonar kai tsaye da farin wandona, da takalmina, da malafar Turawa a kai, da kaye da alƙalami a hannu.

Gero ya kai ƙugu, kore shar har inda ido ya tsaya. Manoma sun jeru a kunyoyi, bayansu na ƙyalli da gumi, Baba yana biye da su da ganga a kafaɗa. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko kuma ban taɓa tsayawa na duba ba. Mutumin da a gida da ƙyar kake jin muryarsa, a nan shi ke juya mutane sama da hamsin da sanda ɗaya mai lanƙwasa. A bakin gona akwai wata tsamiya inda mata suka jera ƙoren fura, Fulani mata sun kawo nono ana damawa. Innata tana cikinsu. Da ta gan ni ta miƙe da sauri tana yafito ni da hannu, fuskarta da alamar magana. Na ce, "Sai an jima, Inna, aiki gare ni," na wuce. Na samu saiwar tsamiya na zauna. Akwai wata sabuwar hauya jingine a jikin itacen, ƙotarta fara fes, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Na cire malafata na rataya a kanta, na buɗe kaye.

Baba ya hango ni. Bai ɗaga hannu ba, amma gangar ta canza murya, ta ƙara kaifi. Ya shiga kaɗa take ɗaya bayan ɗaya. Ya kaɗa na Sarkin Noma, tsohon ya ɗaga hauya ya yi kirari har muryarsa ta dushe. Ya kaɗa mai ɗingishin nan, jikan Bafillacen ya yi tsalle, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina ta zuba ɗige-ɗige a kan layuka biyar, gumi na ɗiga a takarda, ina tambayar wani dattijo da ke kusa da ni sunan mai kowane take ina rubutawa. Tun a na uku na gane takardar ba ta riƙe abin yadda na yi alkawari. Ganga tana magana ne, tana hawa tana sauka kamar harshen mutum, ɗige-ɗigena kuwa ƙafafunta kawai suke kamawa. Amma girman kai bai bar ni na tsaya ba. Na rubuta goma sha shida.

La'asar ta yi sanyi, saura kunyoyi kaɗan a gama. Sai gangar ta tsaya cak. Baba ya juya wa manoma baya, ya gyara rataya, ya juyo da fuskar gangar wajen tsamiya, ya fara takowa a hankali. Manoma suka miƙe daga duƙe ɗaya bayan ɗaya, suka dogara da hauyoyinsu. Mata suka bar damun fura. Da ya rage taku kamar goma tsakaninmu ya tsaya, ya kaɗa wani take.

Ban taɓa jin irinsa ba. Ya fara can ƙasa, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ake barci, sannan ya hau, ya yi wani juyi a tsakiya, ya sauka a wani wuri da ban zata ba. Tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, kai, wannan ya fi duk sauran, tsohon ya matso ne don in ji da kyau in rubuta. Na duƙar da kai na kama rubutu.

Ya ƙara taku uku, ya sake kaɗawa. Dattijon da ke gefena ya yi gyaran murya, ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na ce, "Dakata, dattijo, kar in ɓata." Gonar ta yi tsit, ko tsuntsu ba ka ji. Kowa a wurin ya san abin da ke faruwa, har yaran da ke goye, ban da malamin lakol.

Ya matso har inuwarsa ta rufe takardata, ya kaɗa na uku. Wannan karon a hankali ƙwarai, kowane bugu daban. Da ya gama na ɗaga kai. Idonsa na kaina, kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife ni. Gumi na zuba daga gemunsa. Sai na buɗe bakin nan nawa na ce, "Baba, wanga na wa na? Sake shi sau ɗaya, ban kama ƙarshen ba."

Na ji wata mata ta ce, "Wayyo." Baba ya dube ni, ya dubi malafar da ke rataye a kan hauya, ya sauke sandar kiɗan.

"Ba shi da mai shi," ya ce.

Ya juya ya koma cikin gero. Sarkin Noma ya daka wa mutane tsawa su ƙarasa aiki rana na faɗuwa, aka duƙa, gangar ta ci gaba da taken wasu. Ni kuma na rubuta a ƙasan shafi, da Faransanci mai kyau, cewa take na goma sha bakwai ba shi da mai shi.

Kafin magariba na shiga gida na tarar da Innata a bakin murhu, ba ta ko hura wutar ba. Ita ma ba ta kiran sunana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, wane irin karatu na anka koya maka, wanda ka toshe kunne?"

Na tsuguna. Ta faɗa mini abin da kowane yaro a garin ya sani, ni kaɗai aka ɗauke ni kafin in gani. Sabon take ba a gaya wa mai shi. Makaɗi ne zai juyo masa fuskar ganga a tsakiyar gayya, ya tako zuwa gare shi, ya kaɗa, iyaka sau uku. Mai shi ya zabura ya ɗauki hauya ya ɗaga sama ya amsa. Sai ya amsa ne makaɗin zai buɗe baki ya faɗi kalmomin da gangar ke faɗa, jama'a su ji, daga ranar taken ya zama nasa.

"Naka na," ta ce. "Tun kana cikin tsumma yat tsara shi, satin suna. In ya ga ba kowa ɗaki sai ya ɗauke ka, ya aza ka a kahwaɗa, yana buga maka shi a baya da yatsa biyu har ka yi kwana. Ni ina laɓe ina kallo, bai sani ba. Jira shika yi ka kai riƙon hauya, sai anka ɗauke ka. Hauyar da ka rataya wa hula, wata biyu ke nan da ya sa maƙeri ya ƙera ta. Da ka kwana gida da na san yadda niy yi na raɗa maka." Ta sa bakin zane ta share ido. "Mutumen da bai iya kiran sunanka da baki, yau ya kira ka gaban gari duka."

Ban san sanda na zauna a ƙasa da farin wandon ba.

Washegari da hantsi na same shi a zaure yana shafa wa gangar mai. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa. Na ce, "Baba, ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Wanda anka ɗauke da shekara bakwai, ina zai sani? Ni ma da nawa laihi, na aza jini na ji ko ba a gaya mai ba."

Na roƙe shi ya kaɗa mini yanzu, ga hauya zan ɗauko in amsa. Ya ce ba a ba da take a zaure, sai a gona, sai gaban mutane, kuma gayyar bana ta ƙare. Na ce to ko kalmomin ya faɗa mini, in san abin da gangar ke cewa. Ya ce kalmomi sai bayan amsa, haka ya gada, ba shi zai fara karyawa ba. Hawaye suka zubo mini. Da ya ga haka sai murmushin nan na gefen baki ya dawo. "Allah shi kai mu baɗi, mushe. Ɗauki hauyarka ka tahi da ita ka koyi riƙo, kak ka ba ni kunya sau biyu."

Na tafi da ita Agiye. Na share wani fili a bayan lakol na mai da shi lambu, kullum da yamma ina duƙe ina sara, hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yi, ɗalibai na leƙe ta katanga suna dariya wai mushe ya haukace. Ban damu ba. Ina lissafin watanni, ina gwada yadda zan ɗaga hauyar da irin kururuwar da zan yi. Aka yi girbi, sanyi ya zo ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Saura kaɗan ruwan farko ya sauka, ɗan kolin nan ya tsaya a ƙofar ajina ya cire hula. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke Baba. Ko da na isa gida an yi kwana biyu da rufe shi.

A daminar na ɗauko wani makaɗi daga wajen Tibiri, gwani ne, na zaunar da shi a zaurenmu da kayena a buɗe. Ina karanta ɗige-ɗigen ina buga masa a cinya, yana gwadawa a ganga, Innata na zaune bayan ƙofa tana saurare. Ita kaɗai ta san taken sosai, amma sani na kunne, ba ta iya fitar da shi. Ya kaɗa, ta ce, "Ba shi na ba." Ya juya shi wata fuska, ta ce, "Ya yi kusa, amma ba shi na ba." Muka yini. Waɗanda suka ji shi a gona kowa da abin da ya tuna, ba biyu da suka dace. Ƙarshensa ma, wanda na ce ban kama ba, babu shi a takardar sam. Da yamma makaɗin ya rataya gangarsa ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Abin ga ya bi mai shi."

Yau shekaru sun ja. Innata ta daɗe da bin Baba, masu take goma sha shidan nan duk sun tafi, gayya da ganga ma ta zama labari. Kayen yana nan a akwatina, takardar ta yi ja, hauyar kuma tana bayan ƙofar ɗakina. Har yanzu ina sauraron kiɗan Turawan nan, kuma duk sanda aka zo wurin da Baba ya ce mutumin kira yake yi, sai in kashe rediyon in zauna shiru. Shi wancan Baturen, takarda ta riƙe masa nasa, duniya na ta ji. Ni nawa sau uku kawai aka kaɗa shi a ganga, ina zaune gab da ita, kuma har yau ban san abin da mahaifina ya ce da ni ba. Ina kewarsa, kewar da tsufa bai rage komai daga cikinta ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi nake gaya wa duk wanda na koyar: rubutu abu ne mai kyau, da shi na ci abinci, amma yana iya jira. Idan naka ya tako ya matso kusa da kai, ka ajiye alƙalami ka ɗaga kai ka dube shi, don ba kowa ke iya kira da baki ba, kuma ba kowane kira ake maimaitawa baɗi ba.

Shi ya sa har gobe, in ina zaune a ƙofar gida na ji ganga daga nesa, ko ta biki ce ko ta 'yan talla, sai in dafa sanda in miƙe tsaye. Jikokina su ce, "Kaka, ina za ka?" In ce ƙafa nake miƙewa. Sai sun juya sun koma wasansu nake faɗa a hankali, yadda ba mai ji: "Na'am, Baba."